Zangon ƙarshe kafin Jidda: zaman jiran jirgi a bakin Bahar Maliya

1/ Duk wanda ya tashi a ƙasar Dutse ya san kalmar "Takari", kuma yawanci da ɗan raini ake faɗinta. Yau ina so mu bi kalmar nan zuwa inda ta fito, wato tsohuwar hanyar ƙasa ta zuwa Makka, musamman zangonta na ƙarshe a bakin teku. Zaren da tsayi jama'a, ku gyara zama.

2/ Daga Kano zuwa Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, ya haura kilomita 3,000 ko da a miƙe aka auna. Daga Sawakin zuwa Jidda kuwa kusan 300 ne, kamar daga Dutse zuwa Damaturu. Amma wannan ɗan guntun shi ya fi tsayar da mutanenmu. Ƙafa tana cin daji, tana cin rairayi, ba ta taka ruwa. A bakin ruwan nan ne aka fara tambayar talaka takarda da kuɗi.

3/ Da farko ma ba ta gabas ake bi ba. Manyan da tarihi ya riƙe sunansu, irin su Mansa Musa na Mali a 1324 da sarakunan Kanem da Borno, Sahara suka ratsa zuwa Misira, daga Alƙahira su bi ayarin Hijaz. Wannan hanyar masu raƙuma ce da masu zinari. Manomi ba ya iya ta.

4/ Hanyar gabas ta buɗe ne bayan Musulunci ya kafu a Bagarmi da Wadai da Darfur. Amfaninta ɗaya ne babba: tana bin ƙasar da ake noma. Akwai rijiya, akwai ƙauye, akwai gero da dawa irin namu. Mutum zai iya tafiya yana ci da guminsa. Ya yi damina a nan, ya girbe, ya sayar, ya ƙara gaba da rani. Ku ɗauka cin rani ne wanda ba a juyowa idan hadari ya taso.

5/ Wani Bature ɗan Suwizalan mai suna Burckhardt ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya haye zuwa Jidda, kuma ya rubuta labarin mahajjatan yamma da ya tarar a hanya. Larabawa na ce musu Takarir, jam'in Takruri, daga sunan tsohuwar daular Takrur da ke bakin kogin Senegal. To kun ji asalin "Takari". Shekara 200 da suka wuce ma'anarta mutumin da ya taho daga yamma da ƙafa don ya ga Ka'aba.

6/ Abin da ya mayar da hanyar nan kamar kogi shi ne zuwan Turawa. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗaga tutar hijira zuwa gabas. Ya biyo ta kudancin Kano ya nufi wajen Misau, kuma duk inda ya ratsa mutane na barin gonaki suna bin sa. Lokacin nan fa ƙasarmu ta Dutse da Birnin Kudu duk cikin masarautar Kano take, kuma ba ta da nisa da inda ayarin ya bi.

7/ Dama akwai tsohuwar magana tun zamanin Shehu cewa ƙarshen zamani jama'a za su yi ƙaura zuwa Nilu su tarbi Mahadi. Saboda haka mutane da yawa ba gudun yaƙi kaɗai suke ganin suna yi ba, suna ganin alƙawari ne ya cika.

8/ An tare su a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba. Wajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har gobe sunansa Mai Wurno. Daga nan duk Bahaushe ko Bafulatanin da ya taso daga gida ya san akwai masauki a gaba, akwai mai jin yarensa.

9/ Ga zangunan kamar yadda aka fi bi a ƙarni na 20. Daga wajenmu a Buji, muna tsakanin titin Shuwarin zuwa Azare da na Birnin Kudu, ko wanne ka ɗauka Potiskum zai kai ka. Sai Damaturu, sai Yerwa, sai Dikwa da Gamboru. A haye Kusiri a shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yau. Sai Ati, sai Abeshe babban birnin Wadai, sai Adre a kan iyaka. An shiga Sudan ke nan ta Aljinaina, sai Fashir ko Nyala, sai Al'ubayyid.

10/ Ɗan ratse: a Kusirin nan ne aka kashe Rabe, wanda ya ci Borno a 1893. An kashe shi ranar 22 ga Afrilu 1900, kuma kwamandan Faransa mai suna Lamy shi ma a faɗan ya mutu, shi ya sa aka sa wa garin da ke tsallaken kogi sunansa. Sai a 1973 aka canja. Tsofaffinmu da suka bi hanyar har suka rasu ba su taɓa cewa Njamena ba.

11/ Wani abin da ke ba ni mamaki: jiragen sama na farko da suka sauka Kano a Nuwamba 1925 daga Misira suka taso, ta Sudan suka biyo. A yaƙin duniya na biyu ma jiragen Ingila daga Takoradi ta Gana suna sauka Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Aljinaina, Fashir, Al'ubayyid, Khartum. Zangunan mahajjata ne sak. Bature yana sama, kakanninmu suna ƙasa da jaki, layi ɗaya.

12/ Kayan tafiya ba su da yawa. Jaki ko takarkari ga mai hali, salkar ruwa, buzu, tabarma, tukunya, garin gero, ƙanzo, kuka da daddawa, allo da tawada idan malami ne. Ba a tafiya ɗai-ɗai. Ana haɗa ayari a sa madugu, kamar yadda fatake ke yi zuwa Gwanja, sai dai wannan ayarin da mata da goyo da tsofaffi.

13/ Kafin a tashi kuma akwai sallama irin wadda mu ba mu san ta ba. Tsofaffi na cewa mutum yakan biya bashinsa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar kowa gida-gida. Matar da ba za ta bi shi ba yakan ba ta zaɓi, ko ta jira ko ya sawwaƙe mata. Ana raka shi bayan gari ana kuka kamar an ɗauki gawa, don a gaskiya rabin masu tafiyar ba a sa ran sake ganinsu.

14/ A Al'ubayyid aka fara haɗuwa da jirgin ƙasa, don dogo ya iso can tun wajen 1912. Mai kuɗi ya hau ya wuce Kosti, ya wuce Sinnar. Amma wa ke da kuɗi bayan wata shida ko shekara a hanya? Guzuri ya ƙare tun a Wadai.

15/ Nan Turawan Ingila da ke mulkin Sudan suka samu abin da suke nema. A 1925 suka gama madatsar ruwa ta Sinnar suka buɗe gandun auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don ciyar da masaƙun Ingila. Gandu ne da ba a taɓa ganin irinsa ba, yana buƙatar hannu dubbai lokacin tsinkar auduga. Ga mutanen yamma nan, sun iya noma, ba sa shan giya, ba sa rigima, kuɗin jirgi kawai suke tarawa.

16/ Haka a Gadarif wajen girbin dawa da riɗi, haka a Kasala da Tokar inda ake noman auduga a bakin fadama. Wanda ba ya gona yana ga-ruwa, ko wanzanci, ko yankan farce, ko ɗinkin hula. Malamai suna rubutu. Mata suna suyar ƙosai da waina. Har yau idan ka shiga Khartum ko Madani ka nemi tsire, sunansa "agashe". Ku sake karanta kalmar a hankali. A gashe. Namu ne.

17/ To an tara kuɗi, shekara biyu, uku, wani biyar. An ratsa duwatsun da suka tokare gaɓar teku, ƙasar mutanen Beja. An gangaro. Mutumin Gantsa ko Kiyawa wanda babban ruwan da ya sani shi ne kogi da damina, yau ga shi gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa, kuma ba a shan sa.

18/ Bari in tsaya kan Sawakin kaɗan, don garin ya cancanta. Tsibiri ne ɗan kewayayye a cikin wata kusurwar teku, an gina gidajensa masu hawa biyu da uku da dutsen murjani da ake sarowa daga ruwa. Ɗaruruwan shekaru ita ce babbar tashar wannan gaɓa, Turkawan Usmaniyya sun riƙe ta, Misirawa sun riƙe ta, Usman Digna na rundunar Mahadi ya yi shekaru yana kai mata hari bai ci ta ba.

19/ Abin da yaƙi bai yi ba tashar zamani ta yi. Mashigar Sawakin ƙunci gare ta, ga murjani, manyan jiragen tururi ba sa iya shiga cikin sauƙi. Sai Turawa suka gina Port Sudan, kilomita kusan 60 a arewa, tsakanin 1905 da 1909. 'Yan kasuwa suka kwashe. Gidajen murjani da ba a shafe su suka fara zubewa. Abu ɗaya aka bar wa Sawakin: mahajjata.

20/ Ku hango abin. Garin da ke mutuwa, gidajen alfarma babu kowa ciki sai kyanwoyi, a gefe kuma fili cike da bukkokin tabarma da buhu, mutanen Kano da Katsina da Borno da Damagaram suna jiran a kira su. Zafin gaɓar nan ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu da gumi yake, iskar ma da gishiri, dare ba ya sanyi.

21/ Me suke jira? Nan takarda ta shigo. A 1865 kwalara ta ɓarke a lokacin aikin Hajji, ta kashe dubban alhazai, jiragen ruwa suka kwashe ta zuwa Misira har Turai. Tun daga nan ƙasashen Turai suka ɗauki mahajjaci a matsayin mai yaɗa cuta. Aka kafa wuraren killace mutane a tsibirin Kamaran da Tur ta Sina'i, Sawakin ma ta samu nata. Larabawa na ce wa wurin karantina. Unguwar Karantina ta Jidda, wadda duk ɗan Kano-Jidda ya san sunanta, daga nan sunan ya fito.

22/ Sai a yi maka lambar agana, a yi maka allurar kwalara, a tsare ka kwanaki a ga ko za ka kwanta. Ni ban ga laifin allurar ba, ta ceci rayuka, kuma wanda ya san abin da agana ta yi wa ƙauyukanmu ba zai yi musu ba. Matsalar abin da aka ɗora a kanta ne.

23/ A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya da ta Sudan suka tsara cewa maniyyaci sai ya karɓi fasfo, yawanci a Maiduguri, kuma ya ajiye wasu kuɗi da za a biya masa jirgi da kuɗin dawowa. A ɗaya gefen kuma Abdul'aziz Al Sa'ud ya karɓi Makka a 1924, Jidda a 1925. Kafin a samu man fetur a 1938, har ma bayan nan da wasu shekaru, harajin da ake karɓa daga alhazai shi ne babban abin da ke riƙe masarautarsa. Alhajin da ya zo hannu rabbana ba riba ba ne a wurinsu, nauyi ne.

24/ Kowa da dalilinsa. Ingila ba ta son a ce talakawanta sun maƙale a Jidda sai ta biya kuɗin kwaso su. Saudiyya na son harajinta. Masu gandun Jazira kuwa, in an yi maganar gaskiya, ba sa gaggawar ganin leburorinsu sun haye. Duk wata sabuwar doka tana nufin ƙarin kakar auduga ɗaya ko biyu.

25/ Mutumin da ya bar gida tun kafin dokar, ko ya bi ta daji bai biya ta ofishin Maiduguri ba, ko fasfonsa ya jiƙe a rafi, ko an haifa masa 'ya'ya uku a hanya da ba sa cikin takarda, ya zai yi? Ya koma kilomita 2,000 baya ya sa hannu?

26/ Shi ya sa aka samu hanya ta biyu, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na rubuta zaren nan. Wani masanin tarihi, Jonathan Miran, ya yi bincike kanta a 2015 daga takardun Turawan Ingila da na Italiya. Mutane sukan kauce wa Sawakin gaba ɗaya, su gangara kudu zuwa gaɓar da babu gari babu ɗan sanda, wajen Tokar da Aƙiƙ, ko su bi ta Kasala su shiga Eritiriya, wadda ke hannun Italiya har 1941, su nufi wajen Masawa. Can ne masu jiragen katako da iska ke turawa, waɗanda ake kira sambuk, suke ɗiban mutane da dare.

27/ Gaɓar nan fa babu komai. Rairayi, gishiri, ƙananan itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan teku, sai makiyayan Beja da Rashayida jefi-jefi. Dillali zai karɓi kuɗinku a gari, ya kai ku wani lungu, ya ce ku jira, jirgi na zuwa. Yaushe? Sai iska ta yi daidai, sai wata ya yi duhu, sai jirgin sintiri ya wuce.

28/ A gidanmu akwai wanda ya yi wannan zaman, ƙanin kakan mahaifiyata. Ni ban riske shi ba, daga bakin kakata na ji, ita kuma tana yarinya lokacin da ya dawo. Ya tafi da matarsa da jaki ɗaya bayan an gama girbi. Ya dawo bayan shekara goma sha ɗaya, babu matar, babu jakin, da yara biyu da ba sa jin Hausa sosai.

29/ Abin da ya fi ba su labari ba Makka ba ce, wai zaman bakin ruwa ne. Sun kai su arba'in. Suka kafa tabarmi a jikin sanduna don inuwa. Ruwan sha sai a tona rami nesa kaɗan da teku, a jira ya tsattsafo, ɗaci-ɗaci, a tace da gefen zane. An hana su hura wuta da dare kada a hango su daga ruwa, saboda haka da rana ake dama ɗan abin da za a sha. Masunta sukan kawo kifi su karɓi hula ko zobe.

30/ Wai abin da ya fi damun su alƙibla. Duk rayuwarsu gabas suke kallo. Da suka iso can sai malamin ayarin ya ce a karkata hagu, Makka ta koma wajen arewa. Wasu tsofaffi suka ƙi, aka yi ta gardama, har aka yi kwanaki ana sallah sahu biyu. Kakata in ta zo nan sai ta yi dariya, sannan ta yi shiru, don a zaman nan ne matar ta rasu. Zawo ne. Aka binne ta a rairayi, aka jera duwatsun murjani a kai. Kwana huɗu bayan nan jirgi ya zo.

31/ Allah ya jiƙanta. Ko sunan wurin bai riƙe ba, bakin ruwa kawai yake cewa.

32/ Hayewar ma ba ƙarshen wahala ba ce. Sambuk ba ya zuwa Jidda, ai can hukuma take. Sai ya sauke mutane a gaɓar Tihama can kudu, wajen Lis ko Ƙunfuza ko Jizan, wani lokaci cikin ruwa iya ƙirji saboda murjani ba ya barin jirgi ya matso. Daga nan a sake ɗaukar ƙafa zuwa arewa, kwana da kwanaki, a ɗaura harami a Yalamlam, miƙatin mutanen Yaman. Bahaushe ya shigo Makka ta ƙofar Yamanawa.

33/ Waɗannan su ne masu sa'a. Akwai jiragen da suka kife saboda lodi. Akwai labaran waɗanda aka sauke a tsibirin da babu ruwa aka ce musu sun iso. Sannan akwai abin da ba a cika son faɗa ba: bauta. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta ta a hukumance. Kafin nan mutumin da ya shiga ƙasar babu takarda babu wanda ya san da shi, kuma yara da mata su suka fi shiga haɗari. An sace wasu a hanya, an yaudari iyayen wasu da sunan za a kai yaro karatu. Wasu kuma, abin kunyar, 'yan uwansu masu jin Hausa ne suka kai su.

34/ Ina ganin a nan ya kamata mu yi wa Turawa adalci kaɗan mu kuma yi musu hisabi. Sun ce fasfo da rajista don hana cinikin bayi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tsadar hanyar halal ita ta tura talaka hannun mai sambuk, inda ba shi da kowa. Dokar da aka ce don kare shi aka yi, ita ta raba shi da tashar da ake rubuta suna.

35/ Mota ta rage tsawon tafiyar amma ba ta cire teku ba. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAPA. Eh, Wapa ɗin nan ta Fagge da ake canjin dala, daga nan sunan ya samo asali. Manyan motoci ne masu bodin katako, a ɗora kaya a ɗora mutane a kai, a kama hanyar Maiduguri.

36/ Shekaru suka koma watanni. Amma sai da rani, don da ruwa ya sauka firgin Dikwa da Gamboru ke riƙe mota har gindi, haka rafukan Wadai da Darfur. Inda dare ya yi nan ake kwana, a gindin mota, direba da yaransa a sama. Kuma duk gudun motar, ƙarshenta dai layin karantina ne a Sawakin.

37/ Jirgin sama ne ya kashe hanyar, a hankali daga shekarun 1950. Sardauna ya yi Hajjinsa na farko a 1955, daga nan gwamnati ta shigo harkar sosai, har aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, wadda NAHCON ta gada a 2006. Wani Bature mai suna Birks da ya yi bincike a farkon shekarun 1970 ya tarar har lokacin talakawa na bin ƙasa ta Chadi. Yaƙin Chadi da tsaurin biza suka ƙarasa abin da ya rage.

38/ To ina waɗanda ba su haye ba, da waɗanda suka haye suka dawo kuɗin komawa gida ya gagara? Suna nan. Su ne Hausawan Sudan, a Mai Wurno, Sinnar, Madani, Gadarif, Kasala, Damazin, Port Sudan. Akwai su a Eritiriya. Sudanawa kan haɗa su da Fulani da Barebari su ce Fallata, kuma sau da yawa ba da girmamawa ake faɗa ba.

39/ Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna da su a ƙauyukan Jazira ya fitar da littafi a 1995. Abin da ya gani ya tsaya min a rai: jikoki da tattaɓa-kunne, an haife su a Sudan, iyayensu ma a Sudan, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Wasu har ba sa son gina gidan bulo, kada ya zama sun yarda an zauna ke nan.

40/ Wannan tunanin ya yi musu tsada. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa na wajen uba suke ƙasar tun ƙarshen 1897. Ku lissafa da kanku: Burmi 1903, Mai Wurno 1906, Jazira 1925. Mutanen da suka tsinci audugar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar suka wayi gari baƙi. An sassauta dokar daga baya, amma kallon baƙon bai tafi ba.

41/ Kun tuna Yulin 2022? Rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun suka ce baƙo ba ya mallakar ƙasa. Sama da mutum 100 suka mutu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Khartum da wasu garuruwan. A Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, wajen mutum 200. A nan gida mun yi ta yaɗa hotunan kwana biyu, muka wuce. Kaɗan ne suka tambaya yaya aka yi Hausawa suka je can tun farko.

42/ Mu kuma nan in an kwaso mutane daga Jidda an sauke su a filin jirgin Kano, sai mu ce 'yan Takari an koro su. Cikinsu akwai wanda ya je jiya da bizar Umara ya ƙi dawowa, gaskiya ne. Akwai kuma wadda kakanta ya sauka daga sambuk a Ƙunfuza kafin a haifi Najeriya, ba ta taɓa ganin Kano ba sai ranar, ba ta san gidan kowa ba.

43/ Sawakin tana nan. Yawancin gidajen murjanin sun zama tsibin duwatsu. A Disamba 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya je, aka yi yarjejeniyar gyara tsibirin, an kuma gyara masallatai biyu da wasu gine-gine. Jirgin fasinja yana tashi daga sabuwar tasharta zuwa Jidda, tafiyar dare ɗaya.

44/ Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗalibanmu da ke karatu can, har da 'yan Jigawa masu karatun likita, a motocin bas aka fitar da su. Wasu aka nufi iyakar Misira da su suka yi kwanaki a rairayi ana jiran izinin shiga. Wasu aka kai su Port Sudan, suka zauna suna jiran a kira suna, jiragen ruwan Saudiyya na ɗiban mutane zuwa Jidda a gabansu. Na farkonsu sun sauka Abuja a farkon watan Mayu.

45/ Wannan hutun ina so in zaga Gantsa da ƙauyukan kusa da waya in naɗi muryar duk tsohon da ya bi ƙasa ko aka haife shi a hanya, don 'yan kaɗan ne suka rage. Idan a gidanku akwai irinsu, ko kuna da tsohon fasfon nan mai tambarin Maiduguri ko Sawakin a cikin adaka, ku yi min magana ta akwatin saƙo. Hoton bangon ma ya isa, ku rufe sunan.